Shinkafar Ranar Asabar

Filin da ke bayan azuzuwa babu komai a cikinsa sai tumfafiya da ledoji da awakin unguwa. Makarantar kuwa mai zaman kanta ce, a bakin garin Gaya ta hanyar Dosso, irin waɗanda ke rubuta "jami'a" a ƙofa da haruffan da suka fi ginin girma.

Gab da hutun damina, na bara ne ko na bara waccan, magana ta bazu cewa Alhaji Siddo yana son filin. Shi ne mai manyan motocin da ke kwana a gefen hanya suna jiran tsallaka gada zuwa Benin. Zalika, shugabar ɗalibai, 'yar Yamai mai toshe hanci in ta wuce tasha, ta ce sam.

"Direbobi masu warin man gazuwal a bayan ajinmu? Mutanen da ko sunansu ba su iya rubutawa?"

Ta sami diraktan makarantar a buronsa, ta ce ɗalibai za su gyara filin da kansu don kada a ba Alhaji. Ya saurare ta yana juya makullin sabuwar motarsa a yatsa. Ya ce su gyara filin mana, shi ba ya hana kowa aikin alheri.

Zalika ta fasa zuwa hutu gida. Ta kira ɗalibai da mutanen unguwa, ta raɗa wa aikin dogon suna na Faransanci. Da ta gama bayani, mutanen unguwa suka ce, ashe gayya take nufi. Dokarta ɗaya ce: kowa ya faɗi yadda yake son filin ya zama. Ɗalibai suka zana furanni da kujerun siminti. Yawancinsu sun zo da baƙin tabarau da salula, babu mai fartanya.

Mutum ɗaya ne ya zo da shebur nasa, wani magidanci mai kaurin hannu, sunansa Yunus. Ya ce shi maƙwabci ne. In zai yi magana sai ya rusuna.

"Madmazal, ni ban yi lakwal ba, amma wannan ƙasa taɓo ce. In ba a zuba jar tsakuwa an daddaɓe ta ba, takalmanku za su lalace."

Aka zuba, shi ya san inda ake samunta kyauta. Ya ce ƙofar baya ta yi ƙunci ga motar tsakuwa, aka rushe ta aka faɗaɗa. Ya ce itatuwa a jera su jikin katanga, a bar tsakiya fili saboda taro. Ya ce famfo da makewayi da wurin salla su zauna kusa da ƙofa, fitilu kuma a kusurwoyi, a kan dogayen ƙarafa. Kowace shawara Zalika takan maimaita ta da Faransanci, ta fito kamar tata, ɗalibai su tafa.

"Yana da ƙoƙari," takan ce, "ga wanda bai yi karatu ba."

Kowace Asabar, da an yi azahar, amalanke kan iso da manyan kwanoni: shinkafa da kifin kogi, da fura mai sanyi. Ɗalibai su ajiye shebur ɗin da suka riƙe don hoto, su ci har su kwanta. Ranar farko wasu tsofaffin matan unguwa sun leƙa kwanonin, suka dubi juna, suka yafa mayafansu. Ba su sake zuwa ba. Zalika ta ce lalaci ne irin na mutanen ƙauye, abincin kuwa shaida ce cewa jama'a na bayanta.

Damina ta wuce. Hannun Zalika ya yi kanta, fuskarta ta yi duhu, amma filin ya fito shimfiɗe, ja, mai tauri kamar kwalta. Furanni dai ba su sami wuri ba, an ce sai baɗi.

Ranar komawa karatu aka ɗaura ƙyalle a sabuwar ƙofa. Dirakta ya yi tafiyar gaggawa Yamai. Zalika ta hau tebur, ta fara jawabi a kan yadda ilimi ya kori jahilci daga wannan fili.

Sai aka ji odar mota. Wata doguwar mota ta karyo daga titi, ta tsinke ƙyallen, ta shige ƙofar ba ta goga ko gefe ɗaya ba. Ta juya a tsakiyar filin cikin sauƙi, ta tsaya a inuwar katanga. Wata na biye da ita, wata kuma na bayan wannan. A gabansu Yunus ne ke tafiya da baya, da usur a baki, yana nuna wa kowace wurinta.

Zalika ta diro daga tebur.

"Malam Yunus! Wa ya ba su izini? Filinmu ne, mu muka gyara shi!"

Yunus ya cire usur. Wannan karon bai rusuna ba.

"Kun gyara kam, Allah ya yi albarka. Amma Madmazal, a garin nan mai gona ne ke ciyar da 'yan gayya, ke kuwa duk damina kina cin shinkafar maigidana Alhaji Siddo."