Saƙon Jami'a ta Bakwai

Uban da ya ci amanar 'yarsa ba shi da uzuri, ko da yana kuka ya aikata.

Jami'o'i bakwai ta nema, tana son yin digirin dakta a falsafa. Wayarta ta lalace, don haka kullum da safe take zuwa shagonsa na buga takardu ta duba saƙo a kwamfutarsa. Shida sun amsa, duk bakinsu ɗaya: ta yi haƙuri.

"Saura ɗaya, Baba," ta ce.

"Ai masu tunani ne, sai sun gama tunanin," in ji shi. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ta bakwai ta amsa ran da yarinyar ta makara. Ya ga saƙon, domin ba ta rufe akwatin saƙonninta. Sun ɗauke ta, muddin ta tabbatar cikin mako biyu. Ya tuna gidan da tun rasuwar uwarta babu mai yi masa gardama sai ita; idan ta tafi, gidan zai yi masa shiru. Ya goge saƙon. Da suka aiko na tuni, shi ma ya goge.

Wata biyar ke nan. Ta ɗaure littattafanta a kwali, amma har yau tana zuwa, ta duba, ta miƙe.

"Ba komai, Baba. Kai kaɗai ka taɓa yarda zan iya."

Hukuncinsa shi ne jin wannan magana kowace safiya. Ni nake kunna mata kwamfutar, domin ni ne uban.