Kurɓa Ɗaya

Tela ya zo neman auren jikata, ya zauna a falona yana murza hula kamar zai tatse ta.

"Angona, ni ka zo nema ko wannan mummunar?" na ce.

Ta shigo masa da kwalbar lemo, ido a lumshe, muka ɗauka kunya ce. Ya kurɓa sau ɗaya, ya tsaya cak. Ya dubi kwalbar, ya dube ta.

"Akwai kodin a cikin nan."

Ashe tata kwalbar ta ɗauko cikin ruɗewa. Na dafe ƙirji. Yarinyar da nake cika baki ko goro ba ta ci!

"Ba zan iya ba, Kaka," ya ce, ya miƙe yana laluben takalmi.

Sai ta ɗago. "Kurɓa ɗaya ka yi. Ya aka yi ka gane shi?"

Takalmin nan bai shiga ƙafarsa ba. Ya koma ya zauna, ya kasa kallona.

"To, madalla," na ce. "Aure ya jira. Gobe asibiti, ku biyun, ni ce 'yar rakiya."