Yaron Laraba

Rahila ta sauka daga babur a Daudawa, ƙafa duk taɓo, aka ce mata ai tsohuwar ungozomar ta rasu tun bara. Ta tsaya riƙe da waya kamar wadda aka aika ta manta saƙon.

Mijinta Yusha'u yana can wata ƙasa mai sanyi, yana walda a inda ake ƙera jiragen ruwa. Gwani ne na gaske, har masu kamfanin suka ce ya nemi takardar zama ta dindindin, ya ɗauko matarsa da 'yarsu Najiba. Ya ci jarrabawar harshe, likita ya duba shi, an gwada aikin hannunsa an yaba. Abu ɗaya ya rage, shaidar haihuwa. In babu ita, izinin aikinsa zai ƙare kafin kaka, sai ya tattaro ya dawo.

Ya dawo ina? Ƙauyensu da ke bayan Damari 'yan bindiga sun ƙone shi ƙurmus, har da majami'a da littafin da ake rubuta jarirai. Laraba, wadda duk gari ke kiransa da ita, Yusha'un Laraba, a harin nan ta tafi. Uban kuwa tun yaron na goye ya rasu.

Sai ofishin da ke ba da takardar ya ce ya yi sassauci: a kawo wani babba da ya ga haihuwarsa da idonsa, su gana da shi ta wayar bidiyo. Wai sassauci. In ka ji yadda suka faɗa, sai ka ɗauka tsofaffi a kasuwar Ƙanƙara ake sayo su.

Rahila ta je Mabai wurin wanzamin da ya yi masa askin suna, ta tarar ya rikice, ko jikokinsa ba ya ganewa. Mai unguwa ya yi gudun hijira, ba mai lambarsa. Ga ungozoma kuma yau. Ta san wadda ta rage, ta kuma san abin da ya sa ta bar ta a ƙarshe.

Asibi ce, ƙanwar Laraba. Tun bayan harin take zaune da su a ɗakin haya a Ƙanƙara, tana sana'ar daddawa. In Yusha'u ya kira waya, sai ta ɗauki farantinta ta fice. Ba ta taɓa tambayar lafiyarsa ba. Sai dai in Rahila ta gama magana ta leƙo, takan same ta a bakin ƙofa tana ɗaure tsintsiyar da ba ta kwance ba. Da kuɗin motar neman shaidu ya gagara, ita ta sayar da akuyarta, ta ce dama ta cika ɓarna.

"Iya, ke kaɗai kika rage," in ji Rahila.

"Mi za ni ce masu?"

"Abin da kika sani."

Asibi ta sunkuyar da kai ta ce to.

A shagon kwamfuta na wani Sanusi aka yi ganawar. Ga Baturiyar ofishin da tabarau, ga tafinta, daga jin murya Bahaushe ne, ga kuma Yusha'u a wani ɗan lungu na allon, ya rame. Asibi tana ganinsa ta ja gyale ta karkata fuska wajen bango. Aka gargaɗi kowa: mai shaida kaɗai za ta yi magana.

A ina aka haife shi? A ɗakin da ke bayan rumbu. Yaushe? Ran Lahadi da hantsi, gero ya fara fitar da kai, shekarar da ruwa ya cinye gadar rafinsu. Akwai wata alama a jikinsa? Baƙin tabo a ƙasan kafaɗar hagu. Kina wurin?

"Ina cikin ɗakin."

Baturiya ta gyaɗa kai tana rubutu. Rahila ta ji numfashinta ya fara dawowa.

"Mene ne shi a wurinki?"

"Yaron Laraba ne."

"Ki dube shi, ki faɗi sunansa."

Injin janareto kawai ake ji. Tafinta ya maimaita, sannan ya sassauta murya ya ce, "Iya, ki daure." Ya juya zai yi wa Baturiya wani bayani, ta ɗaga masa hannu, ta tuna masa aikinsa fassara ne kawai. Rahila ta buɗe baki, aka ce in ta sake, an soke ganawar.

"Don Allah, Iya," in ji Yusha'u. "Sau ɗaya tak."

Leɓunan Asibi suka motsa. Gumi ya keto mata. Ta damƙe bakin gyalenta, amma sunan bai fito ba.

Amsa ba ta daɗe ba. Ofishin ya ce mai shaida ta haddace labari tsaf amma ba ta san sunan mutumin ba, kuma sun saba ganin shaidun haya. An ƙi. Babu ɗaukaka ƙara.

Rahila ta sami Asibi a tsakar gida gaban tukunyar kalwa, wuta ta mutu ba ta lura ba. Haushi ya cika ta har ta manta da surukuta da girma.

"Suna ne fa, Iya. Suna kawai. Kin kashe mu."

"Na ɗauko shi," in ji Asibi. Ta taɓa maƙogwaronta. "Ya zo nan, ya ƙi wucewa."

Rahila ta zauna a ƙasa kusa da ita, suka yi kuka tare, don ta san ba ƙarya ba ne. Tun ranar da Asibi ta haifi Yusha'u a ɗakin nan na bayan rumbu ta miƙa wa yayarta riƙo, kunya ba ta taɓa barin bakinta ya kira sunan ɗanta na fari ba.