Takardar Marigayi

Wata biyu da zuwan Sabitu Nguru daga Damagaram, ya je zance wurin Bintu. Ba shi da takardar sakandare, mahaifinta kuwa ya ce babu aure sai da sana'a.

"Dako a tashar jirgi ko tsinkar barkono a Gashuwa, su kaɗai na samu," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Amma ana neman akawu mai takardar sakandare. Ki ara mini takardar marigayi Yaya Abbagana."

Bintu ta miƙe tana huci. "A dinga kiran mijina da sunan yayana da aka binne bara?"

"Don ke nake yi."

"In don ni ne, Malam, ka ci guminka da sunan da ubanka ya raɗa maka, ko kada ka sake aiko kirana."