Ƙwayar Safe

Karo na huɗu ke nan Dokta Tchakoura tana ƙara wa Mariyatu ƙarfin magani, a wani ƙaramin asibiti da ke unguwar Agbalépédo a Lomé. Daga hamsin aka fara, yau ga shi an kai ɗari da hamsin, amma takardar gwajin jini ta ƙi sauya magana.

"Madam, tiroyid ɗin wuyanki har yanzu barci yake. Kina sha da safe, ciki ba komai? Ba koko, ba shayi da madara?"

Mariyatu ta gyaɗa kai. Fuskarta ta kumbura, gashi na zubewa, ga rigar sanyi a jikinta cikin zafin Lomé da ke narkar da mutum. Likitar ta rubuta sabuwar takarda, ta ce a dawo bayan sati shida.

Ita Mariyatu ba ta kanta take yi ba. Mahaifiyarta Mma ce damuwarta. Wata takwas da suka wuce aka kawo tsohuwar daga Dosso zuwa unguwarsu ta Zongo, wuya a kumbure, ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa. Ta kuma rantse allurar asibiti ba za ta taɓa ta ba, tunda can mijinta ya shiga da ƙafarsa aka fito da shi a kwance. Roƙon Mariyatu ɗaya ne: kada Mma ta mutu a hannunta a baƙon gari.

Da fari kamar an dace. Mma ta miƙe, har tana daka. Maƙwabta suka samu abin yi da baki: uwa na aiki, 'ya na kwance kamar buhun gari. Salifou mijin Mariyatu ma ya ce lalaci ne. Ta haɗiye, abin na cin ranta.

Sai tsohuwa ta fara ramewa alhali tana cin tuwo kwano biyu. Hannu na rawa, gumi ba ya tsayawa, ƙirji na dukan tara-tara. Aka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Mariyatu ta ƙara ƙaimi, ko sau ɗaya ba ta makara zuwa ba da jinin gwaji ba.

Ranar Talata bayan azahar Mma ta faɗi a bakin turmi. A sume aka kai ta asibitin da ta ƙi, kuma ba ta farka ba.

Dokta Tchakoura ta ja mayafi ta rufe ta.

"Zuciyar nan gudu ta yi har ta tsaya. Wane magani take sha?"

"Dokta, ai cutarmu ɗaya. Jininta ne a jikina, me ya raba mu?"

Mariyatu ta kwance bakin zani ta miƙa kwalin ɗari da hamsin. Wata takwas Mariyatu ke ba da jini, Mma ke haɗiye ƙwayar.