Gashin da Ba Ya Bushewa

Kafin ta ankara, ta sake tsoma zaren ulun a kofin ruwa. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen zare, Malama ta faɗa musu haka tun ranar farko, amma hannun Mamar Taga ba ya jin magana. Ya matse zaren, ya shimfiɗa shi sili-sili a goshin farantin takarda, ya kwanta luf kamar gashin yarinyar da ta fito daga wanka.

Duk Talata da hantsi Malama takan zo gidan kula da tsofaffin da kwalin farantan takarda, da almakashi marar tsini, da fenti kala shida. Aikin ba wuya: a yi wa faranti fuska, a liƙa gashi, a ɗaura ƙyalle daga ƙasa, ga 'yar tsana ta fito. Wai koyi suke da wata shahararriyar mai zane, wadda tsohon hotonta ke jingine a kan tebur. Mamar Taga, da ta sami sunan saboda ba ta yarda kowa ya zauna mata a kujerar bakin taga, jininta bai haɗu da matar hoton ba. Daga yadda ta ɗaga haɓa ka san ba ta iya gaisuwa ba.

Sauran tsofaffin shagalinsu suke yi. Wani tsohon direba ya liƙa wa tasa gashin baki ya ce surukarsa ce, aka yi ta dariya har wasu suka sarƙe da tari. Ita kuwa Mamar Taga fuska ɗaya take fitarwa. Kwanaki sun daina tsaya mata a kai, ba ta san makonni nawa aka yi ba, amma a kan durowar ɗakinta farantai sun yi layi, duk yarinya guda ce: ido a buɗe, ɗan tabo ya raba girar hagu, leɓe shuɗi-shuɗi. Ba ta san ta ba, kuma tsoronta take ji.

A wata Talatar Malama ta ba su labarin mai zanen. Wai matar tana ɗaki tana aiki, 'yarta mai shekara shida ta faɗa tafkin bayan gida. Daga ranar ba ta ƙara zana komai ba sai fuskar yarinyar, shekara da shekaru, har manyan gidajen baje zane suna rububin aikinta. Wannan labarin kaɗai ya ƙi zubewa daga kan Mamar Taga. Ashe 'yar wata ce, matacciya, ta shiga hannunta ta zauna. Yau dai ta ƙudura sai ta ji abin da yarinyar ke nema a wurinta.

"Malama, zo nan."

"Na'am, Mama."

Kowa a gidan Mama yake ce mata, daga nas har mai shara. Malama ce kawai takan ɗan dakata bayan kalmar, kamar wadda ta ƙwanƙwasa ƙofa tana sauraro.

"Yarinyar nan ta matar can ce, ko?"

"Ita ce."

"To me na yi mata? Ban san uwarta ba, ban san gidansu ba. Ki ce ta fita harkata."

Malama ta janye farantin ta kifa shi, ta ajiye sabo fari tas. Ta durƙusa a gaban kujerar har fuskarta ta zo daidai da hasken taga.

"Rabu da ita yau, Mama. Gwada ni. Ga ni nan, ba zan motsa ba."

Mamar Taga ta ji wani sanyi a ranta, don ba ta taɓa tunanin akwai mafita mai sauƙi haka ba. Ta ƙura wa Malama ido. Mace ce da ta tasar wa hamsin, furfura ta fara leƙowa daga gefen ɗankwali, idanunta na wadda ta saba jira ne. Ta ɗauki burushi ta fara. Faffaɗan goshin ya fito daidai. Hancin ma ya fito. Malama ko numfashin kirki ba ta yi, durƙuson ya ishe ta, amma ba ta gyara ba.

A kan gira ne abin ya ƙwace. Burushin ya tsallake ɗan wuri a ta hagu ya bar tabo. Kumatun suka cika, haɓar ta gajarce. Tana kallo yatsunta suka bar jan fenti suka nufi shuɗi. Ta so ta tsaya, ta rantse a ranta ta so, amma tuni ɗaya hannun yana cikin kofi da zaren ulu, ruwa na ɗiga a kan zanenta.

Malama ta daɗe tana duban farantin.

"Ya yi kyau, Mama."

Ta ɗauki tsumma ta goge mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin farce, ta miƙe da ƙyar ta fita. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Mamar Taga na jin takun nas ya tsaya a baranda, sai kuma muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yau ma?"

"Yau ma," in ji Malama. "Hoton kanta ma da ke kan tebur ba ta gane shi ba, amma hannunta bai manta da ƙanwata ba. Mu biyu Mama ta haifa, Nas, kuma shekara arba'in ke nan ina zama a gabanta, ko sau ɗaya ba ta taɓa zana ni ba."