Hannun Waɗanda Ba Su Zo Ba

"A kore ta," in ji shugaban kwamitin ladabtarwa na jami'a. "Ɗalibar da ta sa wa ƙawarta hannu a takardar halartar aji ba ta da amana."

Magatakarda ya daure ya ce, "Ranka ya daɗe, wata biyu ya rage ta gama. Ƙawar tana asibiti."

"Kai rubutu aka ɗauke ka yi."

Ya sunkuya ya rubuta hukuncin. Malamai huɗun suka miƙe, suka wuce kujeru takwas da ba wanda ya zauna a kansu.

A bakin ƙofa shugaban ya waiwayo.

"Hukunci ba ya tabbata sai da mutum bakwai. Sa wa uku hannu cikin waɗanda ba su zo ba. Ka sauya biro, kamar kullum."